44 da babu: yadda ake cin zaɓen ƙananan hukumomi tun kafin a buɗe rumfa

A watan Janairun 2021 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, APC ta lashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba. A watan Maris na 2023 mutanen nan dai suka fita zaɓen gwamna, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna na APC ya samu 890,705. Sai kuma ranar 26 ga Oktoban 2024 aka sake zaɓen ƙananan hukumomi, NNPP ta kwashe 44 da 484 cif. Jama'ar ba su sauya ba, unguwannin ma suna nan inda suke. Abin da ya sauya shi ne mai zama a gidan gwamnati.

Kada wani ya ce halin Kano ne. Sakkwato ta ba PDP kujeru 23 duka a 2021 lokacin Tambuwal, ta ba APC 23 duka a Satumban 2024. Bauchi 20 na PDP, Kebbi 21 na APC, Zamfara 14 na PDP, Jigawa 27 na APC, duk a 2024, sai Katsina 34 na APC a Fabrairun 2025. Wanda ya fi ba da mamaki ma a Kudu yake. A Ribas, gwamna Fubara yana rigima da masu riƙe da PDP a jiharsa, sai mutanensa suka shiga wata ƙaramar jam'iyya mai suna APP, ta ci 22 cikin 23 a Oktoban 2024. A Abiya, gwamna Otti ɗan LP ne amma jam'iyyar na cikin rikici, sai ga ZLP da kujeru 15 cikin 17. Jam'iyyun da ba su da ko ɗan majalisar jiha ɗaya suka wayi gari da jiha guda a hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba farin jinin jam'iyya ake aunawa a irin wannan zaɓe ba, inda gwamna ya karkata ake karantawa.

Ni a ganina kujerar kansila ce ke tona asiri, ba ta ciyaman ba. Mai yiwuwa ne jam'iyya mai ƙarfi ta ci ciyamomi da yawa da gaske. Amma mazaɓa ƙaramar aba ce, rumfuna goma ko ashirin ko talatin, inda kowa ya san ɗan takara da ubansa da wanda ya ci bashinsa bai biya ba. A irin wannan wuri mutum yakan faɗi saboda rigimar filin makaranta ko don ya wulaƙanta mai unguwa. A ce cikin mazaɓu 484 ba a samu guda ɗaya tak da ɗan adawa ya fi ɗan gwamnati mutunci ba, a jihar da mutum kusan dubu ɗari tara suka zaɓi adawa wata goma sha tara kafin nan, wannan ba lissafi ba ne.

Mutane sukan ɗauka ranar zaɓe ake yin maguɗin, da 'yan daba da satar akwati. Akwai wannan, amma shi ne ƙaramin ɓangare. Aikin yana farawa ne daga kundin tsarin mulkin 1999 kansa. Sashe na 197 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓe da ya kira mai zaman kanta, da shugaba ɗaya da mambobi biyar zuwa bakwai. Sashe na 198 ya ce gwamna ne zai naɗa su, majalisar jiha ta tabbatar. Majalisar kuwa kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye a cikinta. Kuɗin hukumar daga kasafin jiha yake fitowa, kuma sanya shi a kasafi daban, sakin sa daban. Sai gwamna ya sa hannu. Saboda haka hukumar ba ta iya tsayar da ranar zaɓe sai ta san za a ba ta kuɗin buga ƙuri'u. A nan ne ma ake gane dalilin da ya sa Anambra ta yi daga Janairun 2014 har Satumban 2024 ba zaɓe, Katsina kuma daga rushe zaɓaɓɓun ciyamomi a 2015 sai 2022. Hukumar tana nan, ana biyan albashi, zaɓen ne babu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mataki na gaba shi ne kuɗin fom. INEC ba ta karɓar ko sisi daga ɗan takarar shugaban ƙasa; jam'iyyarsa ce ke sayar masa da fom. Hukumomin jihohi kuwa da yawansu suna sa nasu kuɗin daban. A 2024 hukumar Kano ta sa naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila, da aka je kotu ta rage zuwa miliyan 9 da miliyan 4. A lissafa: 44 sau miliyan 9 ya ba da miliyan 396, 484 sau miliyan 4 ya ba da biliyan 1 da miliyan 936. Jam'iyyar da ke son tsayar da ɗan takara a kowace kujera sai ta nemo sama da naira biliyan 2 da miliyan 300 kafin ta buga fasta ko ɗaya. Ga kuma ejan: Kano na da rumfunan zaɓe sama da dubu goma sha ɗaya, ko dubu biyar-biyar za a ba kowane ejan na abinci da mota, an haura miliyan 55 a yini guda. Jam'iyyar da ke da gwamnati ta san inda za ta samo. Wadda ba ta da ita sai ta duba ta ga za ta zuba wannan dukiya a wasan da alƙalinsa ɗan gidan abokin karawa ne, sai ta kira 'yan jarida ta ce ta ƙaurace.

Ƙauracewar nan kuwa, duk da ana fahimtar dalilinta, kyauta ce ga gwamna. Da zarar babbar jam'iyyar adawa ta janye, ba a ma buƙatar maguɗi. Za a samu ƙananan jam'iyyu biyar ko shida su sa suna a takardar ƙuri'a don a ce an yi takara, washegari shugabanninsu su fito su yaba da yadda zaɓe ya gudana lami lafiya. Kuma wanda bai shiga zaɓe ba ba shi da hurumin kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin zaɓe.

A cikin jam'iyya mai mulki kuma ba a cika yin zaɓen fid da gwani na gaskiya ba. Masalaha ake cewa, jama'a kuma su ce ɗauki-ɗora. Ana raba kujerun ne tsakanin manya: wannan ƙaramar hukuma ta sanata ce, waccan ta kakakin majalisa, waccan ta kwamishina, ragowar na gwamna da ubangidansa. Kansiloli kuma a bar wa ciyaman mai jiran gado da ɗan majalisar jiha da shugaban jam'iyya na yankin su daidaita. Ranar da jerin sunaye ya fito daga gidan gwamnati, ranar aka yi zaɓen. Duba yadda masu taya murna ke cika ƙofar gidan wanda aka ba tikiti, ana kiransa ciyaman makonni kafin a buga ƙuri'a. Jama'a sun san yadda abin yake.

To ranar zaɓen fa? A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin dabarar ba a akwati take ba, a takarda take. Kayan zaɓe kashi biyu ne. Akwai akwati da tawada da rajista da ƙuri'u, waɗanda kowa ke gani. Akwai kuma takardar sakamako, wadda malamin zaɓe zai rubuta abin da kowace jam'iyya ta samu da lamba da kalmomi, ya sa hannu, ejan-ejan su sa hannu, a ba kowa kwafi, a ba ɗan sanda, a manna ɗaya a bango. Ƙuri'a dubu ba ta da amfani in babu wannan takarda. Ƙorafin da aka fi ji daga 'yan adawa da masu sa ido a zaɓukan jihohi shi ne a kawo akwati da ƙuri'u da azahar, amma babu takardar sakamako, ko a kawo kwafin hoto ba ta asali ba. Mutane su yi layi a rana, su dangwala, a ƙirga a gabansu, malamin zaɓe ya rubuta a bayan wata takarda ya hau mota. Daga nan ya kamata a je cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, yawanci wata firamare, inda za a haɗa na rumfuna a bayyana kansila a wurin. Sai ejan ya je ya zauna a kan benci har magariba, baturen zaɓe bai zo ba, wayarsa a kashe. Ƙarfe tara na dare sai a ji sanarwa a rediyo daga hedikwatar hukuma a babban birnin jiha, sau da yawa ba tare da adadin ƙuri'un kowace mazaɓa ba, illa dai an ce jam'iyya kaza ta lashe duka.

Su wa ake sa wa wannan aiki? INEC tana amfani da masu yi wa ƙasa hidima a rumfuna, malaman jami'o'in tarayya kuma su tattara sakamako, don ba gwamna ke biyan su ba. Hukumomin jihohi sun fi ɗaukar malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da waɗanda 'yan siyasa suka ba da sunayensu. Malamin da ya san ana iya mayar da shi wani ƙauye mai nisa ranar Litinin ba zai tsaya jayayya a kan takarda ranar Asabar ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS kuma mallakar INEC ce. Abin da jihohi ke karɓa daga wajenta shi ne rajistar masu zaɓe. In babu na'urar da ta ƙirga mutum nawa aka tantance, ba abin da zai hana a rubuta cewa rumfar da mutum sittin suka zo ta ba da ƙuri'a ɗari shida.

Wanda aka zalunta sai ya tafi kotun zaɓen da babban jojin jiha ya kafa bisa dokar jiha. A can za a ce ya kawo hujja rumfa-rumfa, hujjar kuwa ita ce kwafin takardar da tun farko ba a ba shi ba. Wa'adin kujerar a jihohi da yawa shekara biyu ne ko uku, don tun 2002 Kotun Ƙoli ta ce majalisun jihohi ke da ikon tsayar da shi. Kafin a gama shari'a da ɗaukaka ƙara an ci rabin wa'adi.

Me ya sa gwamnoni ba sa yarda su bar ko kujera biyu don a rufe bakin mutane? Dalili na farko kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Sashe na 162 ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A wajen taron rabon kowane wata ana cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin horar da ma'aikata, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda jiha ke bayar da kwangilarsu amma a rubuta da sunan ƙaramar hukuma. Wasu daga cikin waɗannan cire-ciren halal ne, har ma da amfani: albashin malamai ya fi tabbas in an cire shi tun daga sama. Amma dole ciyaman ya sa hannu cewa ya karɓi kasonsa cikakke. Ciyaman ɗan adawa guda ɗaya a wannan ɗaki ya isa ya ɗauki takardar ya kai wa 'yan jarida. Shi ya sa ɗaya ma ya yi yawa.

Dalili na biyu zaɓe mai zuwa. Ciyaman da kansiloli su ne ƙashin bayan jam'iyya a ƙasa: su ke da ta cewa wajen fitar da daliget, su ke riƙe da rabon taki da shinkafar azumi, su ke da kusanci da hakimai da dagatai da DPO, su ke ɗaukar nauyin ejan a babban zaɓe. Gwamna mai neman wa'adi na biyu, ko mai son tafiya majalisar dattawa ya bar yaronsa a kujera, ba zai ba abokin hamayya wannan makami ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta haramta kantomomi da kwamitocin riƙo, ta ce duk wadda ba zaɓaɓɓu ke tafiyar da ita ba kada a ba ta kaso. An yi ta murna. Abin da ya biyo baya shi ne jerin sakamakon da na kawo a sama, don gwamnoni sun yi rige-rigen shirya zaɓe cikin 'yan watanni, kantoman jiya ya zama zaɓaɓɓen yau. Majalisar Anambra ma ta yi doka a Oktoban shekarar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke iko da shi. Hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗi ke bi, bai taɓa hanyar da mutum ke zama ciyaman ba. In gwamna ne ya ɗora ka, ko a aljihunka aka zuba kuɗin za ka kai masa.

Maganin da ya fi shahara shi ne a rushe hukumomin jihohi a ba INEC aikin. Kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara mai kama da haka tun 2008, kuma Mahmood Yakubu, yana shugaban INEC, ya taɓa kwatanta zaɓukan nan da naɗin sarauta. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. Zaɓen 5 ga Disambar 1998, wanda INEC ta shirya a zamanin Abdulsalami, ya raba kujeru tsakanin PDP da AD da APP ta wancan lokacin (ba ta Ribas ba) a faɗin ƙasa. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, a Fabrairun 2022 APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji, PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje, alhali APC ce ke mulkin ƙasa. Uku da uku, abin da babu jihar Arewa da ta gani a shekarun nan.

Duk da haka ina da ja a nan. Na ɗaya, gyaran tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 sun amince, su kuwa ba sa ƙetare maganar gwamnoni. Ƙudurorin 'yancin ƙananan hukumomi a nan suka mutu a gyaran da aka kammala a 2023. Na biyu, shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban INEC da kwamishinoninta na jihohi. A ƙasar da jam'iyya ɗaya ke riƙe da tarayya da mafi yawan jihohi, gwamnonin adawa kuma na ta sauya sheƙa zuwa cikinta, mayar da zaɓen mazaɓu 8,809 hannun Abuja na iya zama gudun gara a faɗa gidan zago. Rikicin Osun na 2025, inda tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ana jayayya kan su waye halastattun ciyamomi tsakanin na APC da na PDP, ya nuna cewa Abuja ma ta iya amfani da ƙaramar hukuma wajen matsa wa gwamnan da ba nata ba.

Darasin da ya fi kusa da mu a Kaduna yake. A 2018 da 2021 hukumar zaɓen jihar ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a: mai zaɓe ya taɓa alamar jam'iyyarsa a allo, na'ura ta ajiye, a ƙarshen yini ta buga jimilla a gaban kowa. Ba ta rasa matsala ba, an yi ƙorafin sace wasu na'urori da farfasa wasu, an kuma zargi turawan zaɓe da ɓacewa a wasu wurare. Amma PDP ta ci ciyamomi da kansiloli a duka zaɓukan biyu, a 2021 ma APC ta faɗi a rumfar gwamna El-Rufa'i kansa da ke Unguwar Sarki. Hukumar jiha ce, gwamna ne ya naɗa ta, amma lamba tana fita a rumfa kafin kowa ya taɓa ta. A Oktoban 2024 aka koma ƙuri'ar takarda, APC ta ci 23 da 255. Wannan kuwa jiha ce da a 2023 PDP ta ci kujerun sanata uku duka, Uba Sani kuma ya tsira da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu goma sha ɗaya ba.

Saboda haka abin da zan fi so masu fafutuka su kama shi ne wannan gaɓa, ko wace hukuma ce ke shirya zaɓen. Doka ta ce zaɓen rumfar da ba a nuna wa ejan takardar sakamako ta asali kafin fara jefa ƙuri'a ba, ɓatacce ne. A bayyana kansila a mazaɓarsa, ciyaman a sakatariyarsa, hedikwata ba ta da ikon sanar da wanda ba a bayyana a can ba. A wajabta wa hukuma wallafa sakamakon kowace rumfa cikin kwana biyu ko uku. Ƙofar ma a buɗe take: sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce tsarin da jihohi za su bi ya zama irin na ƙananan hukumomin Abuja, kuma a kan saɓa wa dokar zaɓen ne Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Ribas ranar 28 ga Fabrairun 2025. Majalisar tarayya na iya ƙara wa irin wannan tanadi haƙora ba tare da jiran jihohi 24 ba, ta kuma haramta wa hukumomin zaɓe karɓar kuɗin fom.

Akwai kuma abin dubawa a maƙwabta. A Nijar, a zaɓen Disambar 2020, jerin sunaye jam'iyyu suka bayar, aka raba kujerun kansiloli gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu, kansilolin kuma suka zaɓi magajin gari a tsakaninsu. PNDS mai mulki ta fi kowa kujeru, amma birnin Yamai ya tafi hannun 'yan adawar Lumana. Sojoji sun rushe majalisun a Afrilun 2024 sun naɗa kantomomi, don haka ba aljanna nake nunawa ba. Tsarin rabon ne abin lura: jam'iyyar da ta samu kashi 40 na ƙuri'u tana samun kujera huɗu a majalisa mai mutum goma, kuma don a hana ta sai an yi ƙaryar da ta fi ƙarfin ɓoyewa. Majalisar ƙaramar hukuma ita ce ke amincewa da kasafi, ita ke da ikon tsige ciyaman. Kansila huɗu 'yan adawa sun isa su tambayi inda kuɗin shagunan kasuwa da na tasha ya shiga, da dalilin da ya sa rijiyar burtsatsen da aka rubuta an gyara sau uku har yanzu ba ta kawo ruwa.

'Yan adawa su ma akwai nasu. Jam'iyyar da ba za ta iya tsayawa a mazaɓu 484 ba tana iya zaɓar arba'in inda ta fi ƙarfi a babban zaɓen da ya wuce, ta tara lauyoyi da ejan-ejanta a can, kowane ejan da waya mai caji, ya ɗauki hoton ƙirga da na duk abin da aka rubuta, tawaga guda kuma ta raka malamin zaɓe ƙafa da ƙafa har cibiyar tattarawa. Wannan ya fi taron manema labarai tsada da wahala. Sai dai jam'iyyar da ta yi kuka a Kano da Zamfara a 2024 ita ce ta yi abin a Kaduna da Katsina, wadda ta yi kuka a Kaduna ita ce ta yi a Bauchi, kuma kowane ɗan takarar gwamna da ke zagin hukumar zaɓen jiharsa yau yana da sunan wanda zai naɗa mata in ya hau.